Makarantar Gontor: Manhaja, Tarbiyya da Waƙafi

A shekarar 1926 wasu 'yan'uwa uku, Ahmad Sahal da Zainuddin Fannani da Imam Zarkasyi, suka kafa makarantar Darussalam a ƙauyen Gontor da ke gabashin tsibirin Java a ƙasar Indunusiya. Da karatun ƙananan yara ta fara. A 1936 aka buɗe sashen Kulliyyatul Mu'allimin al-Islamiyya mai zangon shekara shida, daga bisani kuma ta samu jami'a.

Manhajarta ta haɗa ilimin addini da na zamani. Ɗalibi na karanta tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu tare da lissafi da kimiyya. Larabci da Turanci ne harsunan mu'amala, har a ɗakin kwana.

Tarbiyyarta kuwa ta ginu bisa ginshiƙai biyar: ikhlasi, sauƙin rayuwa, dogaro da kai, 'yan'uwantakar Musulunci da 'yancin tunani. A aikace ake koyon su, domin manyan ɗalibai ne ke kula da horo da tsafta da shago, malamai na sa ido.

Sau da yawa makaranta mai zaman kanta kan durƙushe da rasuwar mai ita, idan magada suka shiga rabon gado. Waɗanda suka kafa Gontor sun toshe wannan ƙofa a 1958, inda suka mayar da ita waƙafi ga al'ummar Musulmi ƙarƙashin majalisar amintattu, kasancewar waƙafi a shari'a ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Da na ƙarshensu, Imam Zarkasyi, ya rasu a 1985, majalisar ce ta zaɓi sababbin shugabanni, karatu ya ci gaba.