Maroko da Gidajen Alfarma na Bakin Teku

Ɗalibai, idan kuka bi babbar hanyar da ta tashi daga Tsibirin Biktoriya zuwa Lekki a Legas, za ku ga dogayen benaye masu ƙyalli suna fuskantar teku. Wataƙila za ku zaci haka wurin yake tun asali. Amma kafin benayen nan akwai wasu mutane a wurin, kuma ya kamata ku san labarinsu.

Bari mu fara da gidajen kansu. Akan gina bene ɗaya mai hawa da yawa, sannan a raba shi sassa-sassa. Kowane mai saye yana mallakar sashensa kaɗai. Harabar gidan, da wurin iyo, da injin wutar lantarki, da na'urar hawa bene, duk na kowa da kowa ne. Saboda haka mazauna suna biyan kuɗi domin gyara da tsaro. Sashen da ke kallon teku ya fi sauran tsada, domin filin bakin teku kaɗan ne, masu sonsa kuwa suna da yawa.

A da, Maroko unguwar talakawa ce. Masunta da leburori da ƙananan 'yan kasuwa da masu aiki a gidajen Ikoyi ne suke zaune a cikinta. Da damina ruwa yakan shiga gidajensu, domin wurin kwari ne. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta jihar Legas, a ƙarƙashin Gwamna Raji Rasaki, ta ba mazauna kwana bakwai su tashi. Ta ce wurin ba shi da tsabta, kuma yana cikin haɗarin ambaliya. Da wa'adin ya cika, aka rushe unguwar. An ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka rasa matsuguni. An ba wasu gidaje a Ilasan da Ikota, amma da yawa ba su sami komai ba. Daga baya aka cike filin da yashi. A yau unguwar Oniru tana kan wani ɓangarensa.

Teku ma tana da nata labarin. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera manyan duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe hanya. Duwatsun sun tare yashin da igiyar ruwa take kawowa daga yamma. Da yashi ya daina zuwa, sai teku ta yi ta cin gaɓar Bar Beach, har ruwa ya riƙa malalowa titin Ahmadu Bello. Don magance wannan ne aka fara aikin Eko Atlantic. An haƙo yashi daga ƙarƙashin teku, aka yi sabuwar ƙasa, aka kuma kare ta da katangar duwatsu. A kanta ake gina sababbin benaye na alfarma.

Waɗannan ayyuka sun samar wa magina da direbobi da masu gadi aikin yi, sun kuma kare titi daga ambaliya. Duk da haka, yawancin masu aikin ba za su iya kama ko ɗaki ɗaya a wurin ba. Bar Beach kuwa, inda kowa yake zuwa shan iska ranar hutu, ta ɓace. Hausawa suna cewa, “Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.” Ku tattauna a aji: su wane ne a Legas wannan karin magana ya fi dacewa da su?

Sababbin Kalmomi
alfarma: daraja da tsada
haraba: filin da ke kewaye da gida
wa'adi: lokacin da aka ɗibar wa mutum
matsuguni: wurin zama
gaɓa: bakin ruwa

Tambayoyi
1. Me mai sashe yake mallaka shi kaɗai?
2. Wane dalili gwamnati ta bayar na rushe Maroko?
3. Me ya sa teku ta ci gaɓar Bar Beach?
4. Tambayi wani dattijo yadda unguwarku take a da, ka rubuta jimloli biyar.