Stephen Keshi: Kyaftin ɗin da ya dawo ya ɗauki kofi a matsayin koci

An haifi Stephen Okechukwu Keshi ranar 23 ga Janairun 1962. Asalin iyayensa garin Illah ne, a jihar Delta ta yanzu, amma a Legas ya yi makarantar St Finbarr's, wadda ta yi suna wajen ƙyanƙyashe 'yan ƙwallo. Ya fara da ƙungiyar ACB ta Legas a 1979, daga nan ya koma New Nigeria Bank ta Benin, inda ya zama ginshiƙin 'yan baya. Da ita ya ci kofin WAFU na ƙungiyoyin Afirka ta Yamma sau biyu a jere, a 1983 da 1984.

Hukunci ne ya fitar da shi waje. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa saboda jinkirin zuwa sansanin ƙungiyar ƙasa. Maimakon zaman jira, sai ya tsallaka Kot Dibuwa a 1985, ya buga wa Stade d'Abidjan, sannan Africa Sports. A 1986 ƙungiyar Lokeren ta ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi, bayan shekara guda kuma Anderlecht, babbar ƙungiyar ƙasar, ta saye shi. A can ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam a 1988 da 1989, ya ci gasar lig a 1991. Daga baya ya koma Strasbourg ta Faransa.

Zaman Beljiyam shi ne ya ba shi matsayin da ya wuce na ɗan wasa kawai. A lokacin ba a saba ganin 'yan Najeriya a ƙungiyoyin Turai ba. Keshi ya zama jagora ga na baya: ya haɗa su da ƙungiyoyi, ya saukar da wasu a gidansa. Ba 'yan Najeriya kaɗai ba, matashin ɗan Gana Nii Lamptey ma ta hannunsa ya isa Anderlecht. Wannan ɗawainiya, da yadda maganarsa ke da nauyi a sansani, su suka tabbatar masa da laƙabin Big Boss.

A ƙungiyar ƙasa ya buga wasa sama da 60, ya ci ƙwallo 9. Sau biyu Kamaru ta hana Najeriya kofin Afirka a wasan ƙarshe a zamaninsa, a 1984 da 1988. Sai a 1994, a Tunisiya, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof, Najeriya ta doke Zambiya da ci 2-1, Emmanuel Amuneke ne ya ci duka biyun. Rauni ya riga ya ci ƙarfin Keshi, don haka Augustine Eguavoen ne ya jagoranci 'yan wasa a fili, amma Keshi ne kyaftin ɗin tawaga. A gasar kofin duniya ta Amurka a wannan shekarar, wasa ɗaya ya buga, wanda aka ci Girka 2-0.

Aikin horarwa ya fara shi a matsayin mataimaki a ƙungiyar Najeriya, da fari ga Jo Bonfrère, sannan ga Shu'aibu Amodu. Shi da Amodu suka samar wa Najeriya tikitin kofin duniya na 2002, amma da ƙungiyar ta ƙare ta uku a gasar Afirka a Mali, aka sallame su kafin a tafi Japan da Koriya. Wannan shi ne karon farko da ya yi noma wani ya girbe, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

A 2004 Togo ta ba shi aiki. Ba wanda ya sa ƙaramar ƙasar a lissafi, domin rukuninta ya ƙunshi Senegal, wadda ta kai zagayen kwata-fainal a kofin duniya na 2002, ga kuma Mali da Zambiya. Keshi ya gina ƙungiyar a kan Emmanuel Adebayor, Togo ta ƙare a saman rukuni, ta sami gurbin kofin duniya karo na farko a tarihinta. Hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2005. Amma a gasar Afirka ta 2006 a Masar, Togo ta sha kashi a wasanninta uku, ga saɓani ya fito fili tsakaninsa da Adebayor. Aka cire shi, Bajamushe Otto Pfister ya kai ƙungiyar gasar kofin duniya a Jamus. Keshi ya riƙe Mali daga 2008 zuwa farkon 2010. Abin da aka fi tunawa a nan shi ne wasan buɗe gasar Afirka ta 2010, inda Angola mai masauki ta kai 4-0, Mali ta farke duka huɗun a ƙarshen wasa aka tashi 4-4. Duk da haka ba ta fita daga rukuni ba.

Najeriya ta kira shi a Nuwamban 2011, bayan ta kasa zuwa gasar Afirka ta 2012 a hannun Samson Siasia. Abu na farko da ya yi shi ne ya buɗe sansani na dogon lokaci ga 'yan wasan lig ɗin gida, waɗanda aka daɗe ana kallonsu a matsayin 'yan cike gurbi. Da ya fitar da sunayen masu zuwa gasar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu, babu Osaze Odemwingie, babu Obafemi Martins, amma akwai 'yan gida shida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Ya sha suka sosai, kuma canjaras da aka yi da Burkina Faso da Zambiya ya ƙara wa masu sukar ƙarfi. Bugun fenareti biyu na Victor Moses a kan Habasha ne suka tsallakar da ƙungiyar. A kwata-fainal aka haɗu da Kot Dibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Touré, wadda kowa ya ba nasara tun kafin a take leda. Emmanuel Emenike ya ci, Kot Dibuwa ta farke, sai Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya ci ta biyu. A wasan kusa da na ƙarshe aka lallasa Mali 4-1, Ahmed Musa na cikin waɗanda suka zura ƙwallo. Ranar 10 ga Fabrairu, a Johannesburg, Mba ɗin dai ya sake ci, Najeriya ta doke Burkina Faso 1-0. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa kuma yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Washegari ya ce ya ajiye aiki, saboda rashin jituwa da shugabannin hukumar NFF, kafin a lallashe shi ya janye. Dangantakar ba ta sake gyaruwa ba, har watanni ya riƙa yi ba albashi. Bai kuma ɓoye ra'ayinsa ba cewa hukumomin ƙwallo na Afirka suna ba koci Bature haƙuri da kuɗin da ba sa ba ɗan gida. Abin da ya same shi a 2002 da 2006 ya isa hujja.

A farkon 2014 ya kai 'yan wasan gida zalla, irin su Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na Kano Pillars, gasar CHAN, suka zo na uku, bayan sun taso daga 3-0 sun ci Maroko 4-3. A kofin duniya na Brazil, Najeriya ta yi canjaras da Iran, ta ci Bosniya 1-0 da ƙwallon Odemwingie da aka dawo da shi, Ajantina ta ci ta 3-2 a wasan da Ahmed Musa ya ci biyu, sannan Faransa ta fitar da ita 2-0 a zagaye na biyu. Bayan nan ƙungiyar ta kasa samun gurbin gasar Afirka ta 2015. An cire shi a Oktoban 2014, aka mayar da shi, aka sake sallamarsa a Yulin 2015.

Matarsa ta rasu a Disamban 2015. Shi kuma ya rasu a birnin Benin a watan Yunin 2016, yana da shekara 54, kwanaki kaɗan kafin rasuwar Shu'aibu Amodu a wannan birnin. An binne shi a Illah, kuma babban filin wasa na Asaba yana ɗauke da sunansa.