Idan Fitsari Ya Fara Yi wa Dattijo Gardama

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira furostet, hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. Da shekaru sun ja sai ta riƙa girma tana matse hanyar. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi. Ba kansa ba ce, amma kada jin haka ya sa a saki jiki.

Za ka ga dattijo ya tsuguna ya daɗe yana yunƙuri, fitsarin na zuwa siriri, yana yankewa. Da dare ya tashi sau uku ko huɗu. Ya gama tsarki ya miƙe, sai ɗigo ya biyo baya, ya koma ya sake alwala. Kunya ta hana shi faɗa, ko ya ce sanyi ne, ya sayi jiƙo a tasha.

A nan ɓarnar take farawa. Fitsarin da bai fita duka ba yakan kwanta a mafitsara, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, a yi ta zazzaɓi da zafin fitsari. Wani duwatsu ke taruwa masa, wani ya ga jini. Yawan yunƙurin ma kan tayar da ƙaba.

Mafi muni shi ne wanda ba ya ciwo. Mafitsara ta cika ta kasa matsewa, fitsarin ya koma sama ya danne ƙoda, ta yi ta lalacewa ba a sani ba. Tsohon da ya fara jiƙa shimfiɗa da dare, kada a ce rikicin tsufa ne. A duba masa ƙoda.

Wata rana kuma fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, ciwo kamar ya fitar da rai. Maganin mura irin su Piriton, taurin bayan gida, ko riƙe fitsari a doguwar tafiya duk suna iya jawo haka. Wannan ba abin jiran gari ya waye ba ne, asibiti za a nufa a sa roba.

Akwai ƙwayoyi irin su tamsulosin da finasteride da likita ke rubutawa, akwai kuma aikin da ake yi ta hanyar fitsarin ba tare da an tsaga ciki ba. Kai da kake ganin Baba na yawan ɗaukar buta, nemi yadda za ka yi masa magana cikin ladabi, ka raka shi asibiti.