Tsiron Da Ya Jure Hamada Da Ƙanƙara, Ya Kasa Jure Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Jos ko dutsen Kufena na Zariya ya ga wasu tabbai masu launin toka ko ruwan ɗorawa manne a jikin dutse, kamar an yayyafa fenti. Galibi akan ɗauka datti ne, alhali kuwa abu ne mai rai. Masana kimiyya suna kiransa laikin.

A shekarar 1867 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana cewa halittu biyu ne suka haɗu a jiki ɗaya, watau fumfuna da gansakuka. Gansakuka tana samar da abinci daga hasken rana, fumfuna kuwa tana ba ta mafaka da danshi. Da fari takwarorinsa sun ƙi yarda, amma daga baya gaskiya ta yi halinta.

An san iri kusan 20,000, akan kuma kasa su gida uku. Akwai mai kama da ɓawo, wanda ba ya ɓamɓaruwa daga dutse. Wani irinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita ɗaya a shekara. Akwai mai kama da ganye, wanda ya fi son jikin itatuwa, sai kuma mai rassa kamar ƙaramin daji. Ana samunsu har a ƙanƙarar Antatika da hamadar Namib, inda raɓar hazon teku kaɗai ke shayar da su. Ɗalibai ma su sani cewa rinin takardar litmos da suke gwaji da ita daga laikin ake samunsa.

Sai dai laikin ba shi da saiwa, daga iska da ruwan sama yake shan komai, mai kyau da marar kyau. Tun 1866 William Nylander ya lura cewa yana ɓacewa daga tsakiyar birnin Paris saboda gurɓatar iska. Hayaƙin farar wuta na masana'antu shi ne babban makashinsa. Ya kamata jami'an tsara birane su riƙa duba itatuwan da ke kewaye da masana'antunmu, don wannan awo ne da ba ya cin ko kwabo.

Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, laikin ƙasashen Suwidin da Norwe ya tsotse gubar. Barewar da ƙabilar Sami ke kiwo ta ci, dole aka hana sayar da naman dubban dabbobi.