Malam Bello Kagara, malamin da ya karantar da Sardauna da Tafawa Ɓalewa

Ma'aikacin da ke gangarowa daga tudun Mpape da sassafe zuwa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da wuya ya yi mako guda bai bi ta titin Ahmadu Bello ba, ko na Kashim Ibrahim, ko na Tafawa Ɓalewa. Masu waɗannan sunaye uku makaranta guda suka yi, wato Kwalejin Katsina, kuma dukansu sun zauna a gaban malami guda, wanda ya karantar da su Larabci da ilimin addini. Sunansa Malam Muhammadu Bello Kagara. A yau akasarin waɗanda suka san shi ta littafin Ganɗoki suka san shi, alhali rubutu ɗan ƙaramin yanki ne na aikinsa. Mafi yawan ƙarfinsa a cikin aji ya ƙare.

An haife shi a 1890 a Kagara, ƙaramin gari da yanzu yake hedikwatar Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, don haka da allo da littattafan fiƙihu ya buɗe ido. Yana da kimanin shekara 11 sojojin Turawa suka ci Kwantagora a 1901, ƙasar ta yamutse, mutane suka watse. Yaron da ya ga wannan tashin hankali shi ne daga bisani ya shiga makarantar da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. A zamanin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko, ɗan alƙali ya haɗa karatun biyu bai saki ko ɗaya ba.

Ya fara koyarwa a Zariya, sannan aka kai shi Katsina, inda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe kwalejin a 1922. Abin da ake yawan mantawa shi ne, don horar da malaman makaranta aka kafa ta. Ahmadu Bello da ya gama a 1931, aji ya koma a Sakkwato. Tafawa Ɓalewa da ya gama a 1933, alli ya ɗauka a Bauchi. Kashim Ibrahim ma haka a Borno. Ke nan Malam Bello malamin malamai ne, kuma ya shafe shekaru masu yawa yana wannan aiki a Katsina. Nauyin da ke kansa bai tsaya ga nahawu ba. Makarantar ta Turawa ce, da Ingilishi ake koyarwa, iyayen ɗaliban kuwa sarakuna ne da malamai masu zullumin abin da 'ya'yansu za su koma. Ganin irin su Malam Bello a cikin malaman, da rawaninsa da Larabcinsa, yana daga cikin abin da ya kwantar da hankalin uba a Sakkwato ko Yerwa.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A duba jerin da kyau. Ganɗoki na Malam Bello ne. Ruwan Bagaja na ƙanensa ne, Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya kuma yi karatu a Katsina a ƙarƙashin kulawar wansa. Shaihu Umar kuwa na ɗalibinsa ne, Tafawa Ɓalewa. Uku daga cikin biyar daga inuwar mutum guda suka fito. Ni da na yi digiri a kan adabin Ingilishi, na daɗe ina haddace sunayen marubutan Landan kafin na lura da wannan, kuma na ji kunya.

Shi kansa Ganɗoki aikin malami ne da ya san abin da ya gani. Jarumin labarin ya yaƙi Turawa a ƙasar Kwantagora, kafin labarin ya kutsa duniyar aljanu da ƙasashe masu nisa. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne ya rubuta shi, hukumar gwamnatin ce kuma ta buga, amma gwarzonsa mai takobi ne a kan Nasara.

Da ya ajiye alli, Masarautar Katsina ba ta bar shi ya koma gefe ba. Ya zama babban alƙalin Katsina, daga baya aka naɗa shi Walin Katsina, ya rasu a 1971. A ganin mutanen wancan zamani, wanda ya iya riƙe aji shekaru masu yawa ya cancanci a damƙa masa shari'ar jama'a.

Garin da ya haife shi ya sake shiga labaran duniya ne a ranar 17 ga Fabrairun 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara cikin dare, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da mutum 42, ciki har da ɗalibai 27 da malamai da iyalansu. Sai bayan kwana 10 aka sako su.

A nan Abuja kuwa, a kan takarda malami ya samu ci gaba. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga shekarun ritayarsa zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sai dai tsawaita wa mutum shekarun aiki ba shi ne biyan sa haƙƙinsa ba. A watan Maris na 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya suka tafi yajin aiki, suna neman a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ya zama doka tun Yulin 2024. Mpape tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Bwari, don haka yajin ya haɗa da ita. 'Ya'yan direbobi da masinjoji da masu fasa dutse, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin makarantar kuɗi, suka zauna a gida fiye da wata uku, a unguwar da ba ta kai tafiyar rabin sa'a a mota ba daga titin Ahmadu Bello.