Mafi ƙarancin albashi: jika 42 ɗin nan, wa za ta isa?

Tambayar da kuka fi aiko mana kwanan nan ita ce: mene ne SMIG, kuma ina ruwan talaka da shi?

SMIG shi ne albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda uban gida ya biya ma'aikacinsa a wata. A Nijar, daga shekarar 2012 kuɗin ya daɗe a tsaye a sefa 30,047, wato jika 30 da 'yan canji. In aka raba, kusan jika ɗaya ke nan a wuni. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kuka, har gwamnati ta amince a kai shi jika 42, wato sefa 1,400 a wuni.

To ina gardamar take? Ma'aikata na cewa tiyar hatsi, haya da magani duk sun tashi, ƙarin bai cike giɓin ba. Masu ƙananan sana'o'i kuma na cewa in aka matsa musu, sai su rage yara. A Najeriya ma an kai shi naira 70,000 a 2024, amma masu zuwa ci-rani sun san yadda tsada ta lashe ƙarin.

Ga inda gizo ke saƙa: yawancin 'ya'yanmu da ke gadi, aikin gida ko dako a Damagaram ba su da takardar aiki, da baki ake shiryawa. Doka ba ta ware mai gadi ko 'yar aiki ba, sai dai ranar da rigima ta taso, mai takarda ya fi saurin samun haƙƙinsa. Mai ƙwadagon gona kuwa, kuɗin wuninsa ciniki ne tsakaninsa da mai gona.

Don haka in ɗanka ya samu aikin wata, ya nemi a rubuta albashi a sa hannu, ya tambaya ko an yi masa rajista a asusun CNSS. In aka tauye shi, ofishin sufeton ƙwadago na nan Damagaram. 'Yan uwa na waje masu biyan mai gadi ko mai kula da tsofaffi a gida, ku ma lissafin nan ya shafe ku.

Allah Ya sa albarka a gumin kowa.