Diflomasiyyar ƙasashe da dama a zamanin annoba da intanet

Diflomasiyyar ƙasashe da dama ita ce tattaunawar da ƙasashe uku ko fiye suke yi don cim ma matsaya a kan al'amarin da ya shafe su baki ɗaya. Galibi ana yin ta ne a ƙarƙashin wata ƙungiya mai dokoki, kamar Majalisar Ɗinkin Duniya, Tarayyar Afirka ko Hukumar Lafiya ta Duniya. Tun daga taron Vienna na 1814 zuwa 1815 har zuwa kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, an gina wannan tsari a kan haɗuwa ido da ido: wakilai su zauna a zaure ɗaya, su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'a. Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa ƙungiyoyin komawa aiki ta intanet, kuma abin da ya faru a hedikwatar Majalisar da ke New York ya nuna abin da na'ura ke iya maye gurbinsa da wanda ba ta iyawa.

Babban Zaure da tsarin shiru

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya a ranar 11 ga Maris, 2020. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da taruka a hedikwatar Majalisar. Shugaban Babban Zauren a lokacin shi ne Farfesa Tijjani Muhammad-Bande na Najeriya, kuma dokokin zauren ba su tanadi yanke hukunci ba tare da zama ba.

A ƙarshen Maris ƙasashe suka amince da tsarin shiru. Shugaban zaure zai aika wa ƙasashe 193 daftarin ƙuduri, ya ba su aƙalla awa 72. Idan wa'adin ya cika babu wadda ta yi ƙorafi, sai a ɗauki shirun a matsayin amincewa. Ta wannan hanya aka zartar da ƙuduri mai lamba 74/270 a ranar 2 ga Afrilu, wanda ya yi kira da a haɗa kai wajen yaƙi da cutar.

Illar tsarin ita ce ƙasa ɗaya tak na iya kashe daftari. A zaman da aka saba, rinjaye ne ke yanke hukunci a Babban Zaure, amma tsarin shiru ya ba kowace ƙasa ikon da ya yi kama da hawa kujerar naƙi. A watan Afrilu ɗin, wani daftari na Rasha da ya nemi a daina ƙaƙaba takunkumi ba da yawun Kwamitin Sulhu ba ya faɗi bayan Amurka, Birtaniya da wasu ƙasashe sun ƙi amincewa. Sai a Nuwamba 2020 zauren ya amince da hanyar kaɗa ƙuri'a ta na'ura idan zama ya gagara.

Zaɓen sirri kuwa bai yiwu ta intanet ba. A ranar 17 ga Yuni, 2020 jakadu suka riƙa zuwa rukuni-rukuni, sanye da takunkumin fuska, don zaɓen sababbin mambobin Kwamitin Sulhu. A watan Satumba, lokacin da Majalisar ke cika shekara 75, shugabannin ƙasashe ba su je New York ba. Kowanne ya aiko da jawabinsa a faifan bidiyo, wakilinsa ya gabatar da shi a zaure.

Kwamitin Sulhu

Kwamitin Sulhu mai mambobi 15 ya fara tattaunawa ta bidiyo a ƙarshen Maris 2020, lokacin da Sin ke shugabancinsa. Mambobin ba su daidaita a kan ɗaukar waɗannan tarukan a matsayin zama na hukuma ba, kuma Rasha ce ta fi dagewa a kan haka. Saboda haka aka ɓullo da ƙuri'a a rubuce: a ba kowace ƙasa awa 24 ta aiko da wasiƙar da ke nuna ta yarda, ta ƙi, ko ta ƙaurace, sannan shugaban kwamiti ya sanar da sakamako ta bidiyo.

Tun da zaman ba na hukuma ba ne, ba a iya kaɗa ƙuri'a a kan tsarin aiki ba, wato batutuwa irin su wanda za a gayyata ya yi bayani ko abin da za a sa a ajanda. A ƙa'ida ƙuri'u tara sun isa a irin waɗannan batutuwa, kuma kujerar naƙi ba ta aiki a kansu. Rashin wannan dama ya sa komai ya dogara ga yardar kowa.

Kwamitin ya kuma sha suka saboda jinkiri. Babban Sakatare António Guterres ya yi kira da a tsagaita wuta a duk duniya a ranar 23 ga Maris, amma sai 1 ga Yuli aka zartar da ƙuduri mai lamba 2532, wanda Faransa da Tunisiya suka tsara, da ke neman a dakatar da faɗa na aƙalla kwana 90 don kai agaji. Saɓanin Amurka da Sin a kan ambaton Hukumar Lafiya ta Duniya a cikin daftarin ne ya jawo jinkirin, ba matsalar na'ura ba. Nijar, wadda ta kasance mamba a 2020 da 2021, ta shugabanci kwamitin a Satumba 2020, inda Shugaba Mahamadou Issoufou ya jagoranci taron ƙoli ta bidiyo a kan yadda za a tafiyar da al'amuran duniya bayan annobar.

Riba da asara

Taron intanet ya rage kuɗin tafiya da masauki, ya kuma sa a iya tara shugabanni cikin gaggawa, kamar taron ƙasashen G20 da Saudiyya ta kira ta bidiyo a ranar 26 ga Maris, 2020. Sai dai an yi asarar abubuwa uku. Na farko shi ne ganawar bayan fage, inda jakadu ke sasantawa a wajen zaure kafin a zo ga ƙuri'a. Na biyu shi ne harshe: Majalisar na da harsunan aiki shida, wato Larabci, Faransanci, Rashanci, Sifaniyanci, Sinanci da Turanci, amma a watannin farko tarukan bidiyo na Kwamitin Sulhu da Turanci kaɗai ake yin su don babu tafinta, abin da ya takura wa ƙasashe masu amfani da Faransanci. Na uku shi ne daidaito, domin ƙarfin intanet ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kimanin mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet.

Bayan annobar an koma zama a zaure, jawabi ta bidiyo ya zama abin da sai an nemi izini. A Satumba 2022 sai da Babban Zaure ya kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 101 suka yarda, 7 suka ƙi, kafin shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, ya aiko da jawabinsa a faifai.

Fasaha a matsayin batun tattaunawa

Ban da zama kayan aiki, fasahar zamani ta zama abin da ƙasashe ke zama su tattauna a kai. A 2017 Denmark ta naɗa jakada na musamman ga manyan kamfanonin fasaha, kuma ita ce ta fara yin haka. A Maris 2024 Babban Zaure ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan ƙirƙirarriyar basira. A Satumba 2024 shugabanni suka amince da Yarjejeniyar Makoma, tare da wata yarjejeniya a kan fasahar dijital da ke neman a kai intanet ga kowa a kuma kare bayanan mutane, sai dai ba ta da ƙarfin doka. A ranar 24 ga Disamba, 2024 aka amince da yarjejeniyar yaƙi da laifukan intanet, wadda Rasha ta fara kawo shawararta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu kamfanonin fasaha sun yi gargaɗin cewa gwamnatoci na iya fakewa da ita su sa ido a kan masu suka.

A fannin lafiya, Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a ranar 20 ga Mayu, 2025, bayan tattaunawa ta fiye da shekara uku. Amurka ba ta cikin waɗanda suka amince, domin tun a Janairu 2025 ta sanar da shirin ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya.